Wai Sai Ɗan Gado Wuta Ke Yi wa Biyayya?

To, masu taɓe baki, na ji ku. Kun ce ina ma'aikacin ofis, wanda hannunsa bai saba da komai ba sai biro da latsa waya, ina kafa maƙera a gida don sha'awa? Kun ce ƙira gado ce, wanda ba a ba shi maganin wuta tun yana goye ba, wuta cin sa za ta yi. Madalla. Ku ɗauki ko da Abagayawa, waɗanda labarin kaka da kakanni ya ce kakansu ya taso daga Gaya ya zo Dutsen Dala neman tama. Ku yi ta bin salsalarsu baya, ai dole ku ci karo da wani wanda ubansa bai taɓa riƙe masaba ba.

Ita wuta ba ruwanta da sunan kakanka, Malam. Gawayi take so da iska. Haƙa ɗan rami a fili, ka shafe shi da yumɓu, ka shigo da bututu ta gefe zuwa gindin ramin. Zugazugin fatar akuya ya isa, in kuwa kafaɗarka ta masu hutu ce, ga fankar hannu da ake juyawa da wilin keke. Gawayin ƙirya maƙera suka fi yabo, don yana da nauyi, yana riƙe wuta, ba ya saurin komawa toka.

Na hango Alhaji can yana murmushi: wai gawayin da ake gasa masara da shi ne zai narkar da ƙarfe? Wa ya ce maka narkarwa ake yi, ranka ya daɗe? Laushi ake nema. Ana dukan ƙarfe ne tsakanin digiri 900 zuwa 1200 a ma'aunin Salshiyos, kuma gawayi in ya sami zuga yana kaiwa nan har ya zarce. Ba sai ka sayi ma'aunin zafi ba, ido ne ma'auni. Ƙarfen zai yi ja, ya koma ruwan goro, sannan rawaya. In ya fara feshin farin tartsatsi, ka makara, ƙonewa yake yi. Mai taurin kai ya gwada da maganaɗisu: da zafi ya kai wajen digiri 770, ƙarfe ya daina kama shi.

Uwar maƙera kuma ba sai ta Ingila ba. Kan tsohuwar babbar guduma ko wani ƙaton guntun ƙarfe, a kafe shi cikin kututture, ya wadatar. Ban ce a je a kwanto layin dogo ba, wannan hanyar gidan yari ce. Sai masaba mai nauyin kilo guda, da awartaki, da magagari. Rodin gini ya isa koyo. Sifirin tsohuwar mota a ajiye shi sai hannu ya faɗa, don shi ne na wuƙa. Shi ma in an zo ba shi ƙarfi, a mai ake tsoma shi, ruwa kan tsaga shi. Bayan nan a sake ɗumama shi kaɗan, wajen digiri 200, in ba haka ba bakin wuƙar ɓantarewa zai yi ranar da ya haɗu da ƙashin ragon layya.

Inda kuke da gaskiya ba zan hana ku ba, amma ba a wurin da kuke zato ba. Ƙarfen da ya yi ja yana ƙyalli ba ya cika ƙona kowa, don kowa na tsoronsa. Wanda ya huce ya koma baƙi, alhali yana nan da zafin da zai sale fata, shi ke kama ɗan koyo. Farin bututun ruwa mai rufin zinki kada ya kusanci wutar, hayaƙinsa na sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Gawayi a rufaffen ɗaki kuwa yana kashe mutum ba tare da ya ji warin komai ba. A sa rigar auduga da rufaffen takalmi da tabarau, yadin roba narkewa yake yi ya manne a jiki. Wasa da wuta da kuke gani ana yi in an kaɗa dundufa, wannan kam na masu shi ne, ku bar musu.

Babban abokin gabarka ma ba wutar ba ce, Hajiya ce ta maƙwabta, wadda za ta ji ƙwal-ƙwal da azahar tana barcin rana. Wannan ba ni da maganinta, sai dai ka fara ƙera mata wuƙar yanka kubewa.

Kafin ka haƙa ramin, je ka maƙerar garinku, in kana Sakkwato ga Maƙerar Asada nan. Yi sallama, ka cire girman kai, ka roƙi a bar ka ka yi zuga. Ku kuma masu dariya, ku kawo laujenku da ya dakushe, amma ku zo da kuɗin gawayi.