Gidan Alhaji Mai Farashi Uku

Alhaji, nawa ne gidanka?

Kada ka yi saurin amsawa, na san sai ka fara duba fuskar mai tambaya. Idan masu binciken aure ne, gidan ya haura miliyan 80, an ma taya ka ce albarka. Idan dillali ne, ka ɗora goma a kai saboda la'ada. Amma bari wani yaro ya tsaya a ƙofar zaure da biro a kunne da fayil a hammata, ya ce daga ofishin haraji yake. Nan take gidan zai tsufa. Rufi yana yoyo, katanga ta tsage, rijiya ta ƙafe, ga kwata a baya, kai ma don babu yadda za ka yi ne kake kwana a ciki. Ni Bazazzagi ne, na daɗe da sanin halin Bakano in an zo maganar fitar da kuɗi, don haka ba sai ka rantse ba.

Ban ga laifinka ba, gado ka yi. Kakanninmu sun ga malaman taki a zamanin Turawa, waɗanda ke auna gona da ƙafa a ƙasar Kano, a yanka wa mutum haraji gwargwadon takun da aka ƙirga. Sun ga dagaci da ɗan doka ranar karɓa. Shi ya sa da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali a Kano da Kaduna a 1979, talaka ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka. Tun daga nan duk wanda ya zo da tef ɗin awo, ba ɗinki zai yi mana ba, mun ɗauke shi abokin gaba.

Amma kai ɗin nan, ranar da ake rabon gadon mahaifinku, wa ya nace sai an kira masu kima sun zagaya gidajen ɗaya bayan ɗaya? Wa ya tashi tsaye ya ce gidan bakin titi ba zai zama daidai da na cikin lungu ba, don kada ƙaninsa ya kwashe mai tsoka? Ashe ka san amfanin kimanta gida sarai, in dai abin karɓa ne.

Abin da ya tayar min da wannan magana ƙanina ne da ke zaune a Amurka. Ya ci bashin banki ya sayi gida, mun sha hotuna. Da gidaje suka yi tsada a unguwarsu sai ya hau Facebook yana sanar da duniya cewa nasa ya ƙara daraja, har da hoton ciyawar ƙofar gida. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ba a jima ba takarda ta iso daga ofishin da ke kimanta gidajen yankinsu, ta tabbatar masa da abin da yake taƙama da shi: gidansa ya tashi da kashi 20 cikin 100. Ƙarfe biyun dare wayata ta yi ƙara. "Yaya, sun kashe ni. Haraji zai ƙaru da kashi 20." Na ce ya karanta min takardar tun daga sama. A layin farko, da manyan baƙaƙe, an rubuta cewa wannan ba takardar neman biya ba ce. Idonsa bai ga wannan ba, ya tsallake ya faɗa kan lamba.

To Alhaji, ajiye carbin mu yi lissafi, na san nan ne ka fi kauri.

A ce taransifomar layinku ta ƙone, gyara zai ci naira 600,000, gidaje kuma uku ne kacal. Naka bene ne, miliyan 30. Na malamin makaranta miliyan 20. Na Gwaggo mai ƙosai miliyan 10. Aka amince kowa ya bayar gwargwadon darajar gidansa. Jimillar gidajen miliyan 60, ke nan kashi 1 cikin 100 ya isa: kai 300,000, malam 200,000, Gwaggo 100,000.

Baɗi ta sake ƙonewa, kamar yadda ta saba, kuɗin gyara bai canja ba, amma kowane gida ya ninka daraja. Naka 60, na malam 40, na Gwaggo 20. Nawa za ka biya? 300,000 ɗin nan dai. Kason da ake cira ne ya sauko zuwa rabin kashi ɗaya, tunda abin da ake nema bai ƙaru ba.

Yanzu a ce kwalta ta biyo ta ƙofarka kai kaɗai, aka buɗe banki a kallonka, gidanka ya koma miliyan 90, na sauran suna nan yadda suke tun farko, 20 da 10. In aka sake kima, kai 450,000, malam 100,000, Gwaggo 50,000. In kuwa ka tara mutane kuka kori mai awo da jifa, aka ci gaba da tsohon lissafi, Gwaggo za ta ci gaba da biyan 100,000, rabinsa nauyinka ne take ɗauka da kaskon ƙosanta. Kuma ina da tabbacin tana sahun gaba wajen jifan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Haka abin yake tafiya a yawancin garuruwan Amurka da Kanada. Hukumar gari da ta makarantu su tsara abin da za su kashe a shekara, na malamai da 'yan kwana-kwana da kwashe shara da gyaran titi. Mai kima kuma aikinsa ya faɗi darajar kowane gida. Sai a raba wancan a kan wannan, a fitar da kason da kowa zai biya. Mai kima rabon kaya yake yi, masu kasafi su ne ke ƙayyade nauyin kayan. Tambayar da ta kamata ƙanina ya yi ita ce da nawa gidajen sauran mutanen garin suka tashi. In su ma kashi 20 ne, ya koma barcinsa. In nasu 30 ne, sauƙi ma zai samu.

Na ji Malam daga bayan majalisa yana gyaran murya. "Wannan lissafin allo ne. Wace hukuma ce za ta ga gidaje sun ninka ta rage kaso don Allah?" Malam, ka taɓo wurin. Akwai masu yin shiru su bar kaso yadda yake, kuɗi su shigo ninki, sannan shugaban gari ya fito ya rantse bai ƙara haraji ba. Ta fuskar lafazi bai yi ƙarya ba, kamar mai awo da ya bar farashi ya canja kwano. Jihar Utah ta yi wa wannan dabara doka tun 1985: in daraja ta tashi, kaso ya sauka da kansa, hukumar da ke son karɓar fiye da na bara kuma sai ta yi shela ta kira taron jama'a ta faɗa da bakinta. Sai dai irin wannan taro, mai gida da ya kwana yana zagin mai kima ba ya zuwa, wai yana da uzuri.

Mutanen Kalifoniya su ne suka yi abin da zuciyar Alhaji take so. A shekarun 1970 gidaje suka yi tashin gwauron zabo, haraji ya bi su, tsofaffi masu fansho suka fara tsoron a raba su da gidajen da suka gama biya. Wani dattijo mai zafin kai, Howard Jarvis, da abokin tafiyarsa Paul Gann suka kawo ƙudiri mai lamba 13, aka kaɗa ƙuri'a a watan Yunin 1978, kusan kashi biyu cikin uku suka amince. Haraji ba zai wuce kashi 1 cikin 100 na darajar gida ba. Darajar a mayar da ita ta 1975. Kowace shekara kada a ɗaga ta fiye da kashi 2, ko da kasuwa ta yi fiffike. Ba za a sake kima da farashin yau ba sai gida ya canja hannu ko an yi sabon gini.

Na ga kana murmushi, har kana tambayar kuɗin jirgi. Dakata. Tsofaffin sun tsira, wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma kuɗin da ƙananan hukumomi ke samu daga gidaje ya faɗi da fiye da rabi a tashi ɗaya, makarantu suka koma kallon hannun gwamnatin jiha. Sannan aka wayi gari da gidaje biyu iri ɗaya, katanga ɗaya, wanda ya daɗe yana biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sabon zuwa yana biyan ninkin ba ninki. Wata mata, Stephanie Nordlinger, ta sayi gida a Los Angeles a 1988, ta tarar tana biyan kusan ninki biyar na maƙwabtanta. Ta kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 1992 kotu ta ce tsarin bai saɓa wa kundin mulki ba. Attajirin nan Warren Buffett da kansa ya tona asiri a 2003: gidansa na Omaha mai darajar dala 500,000 yana biya masa sama da dala 14,000 a shekara, na bakin teku a Kalifoniya mai dala miliyan 4 kuwa bai kai 2,300 ba, don ya saye shi tun da daɗewa. Wanda ke cike giɓin shi ne ango da amarya da suka sayi gidansu na farko jiya. Ɗanka ke nan, Alhaji, wanda kake ta matsa wa ya tashi ya bar maka gida.

Hajiya kuma ta ce duk na ji, amma wa ya ce mai kimar ba ya zalunci? Hajiya, a nan kam na sauke hula. Yawancin masu kima ba sa shiga gida. Suna duba abin da aka sayar da makamantansa a unguwa, da faɗinsa da shekarunsa da yawan ɗakuna, su zuba wa kwamfuta ta fitar wa dubban gidaje daraja a zama ɗaya. In lissafin ya karkace, kan talaka ya fi karkacewa. A Detroit, bayan rushewar kasuwar gidaje ta 2008, farashi ya faɗi warwas amma ofis bai sauko da kima yadda ya kamata ba, alhali kundin mulkin jihar Michigan ya hana a kimanta gida sama da rabin kuɗinsa na kasuwa. Jaridar Detroit News ta lissafa a 2020 cewa an karɓi aƙalla dala miliyan 600 fiye da ƙa'ida daga masu gidaje tsakanin 2010 da 2016. Dubbai suka kasa biya, aka yi gwanjon gidajensu. A Chicago ma binciken jarida a 2017 ya nuna ana tsuga wa ƙananan gidaje kima ana sassauta wa manya, shekara ta zagayo masu zaɓe suka kayar da shugaban ofishin, Joseph Berrios. Ki lura dai, Hajiya, a Detroit abin da ya cuci mutane shi ne daɗewa ba a sake awo na gaskiya ba.

Ƙofar ƙorafi a buɗe take, sai dai tana da wa'adi, sau da yawa 'yan makonni ne daga ranar takarda, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Masu hali suna da lauyoyin da wannan ce sana'arsu, duk shekara suna can, duk abin da aka rage musu kuma kan wanda bai je ba yake komawa. In ka je, kada ka fara da cewa rayuwa ta yi tsada, su ma sun sani. Abin da za su saurara shi ne hujjar cewa gidan bai kai abin da suka rubuta ba: ga gidaje uku irinsa da aka sayar kwanan nan, ga kuɗinsu, ga hoton tsagewar bango. Wato duk koke-koken nan da Alhaji ya iya, amma da takarda.

Ƙanina da ya nutsu ya nemi bayanan gidansa, sai ya ga an rubuta masa banɗaki uku, alhali biyu gare shi. Shekara huɗu yana biyan harajin banɗakin da bai taɓa shiga ba. Na ce ya yi haƙuri, wataƙila na aljanun gidan ne.

Kai kuma ɗan haya da ke ƙyaƙyata dariya a gefe, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Kana tsammanin daga aljihun wa mai gida zai ciro?

Kada kuma wani ya ce wannan tatsuniyar ƙasashen sanyi ce. Kundin mulkin Nijeriya na 1999 ya lissafa kimanta gidajen mutane don karɓar kuɗi cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Legas ta gwada ɗaure kuɗin da darajar kasuwa a 2018 zamanin Akinwunmi Ambode, takardu suka fito da lambobi masu firgitarwa, lauyoyi da 'yan kasuwa suka yi ca, cikin makonni gwamnati ta zabge rabi ga gine-ginen kasuwanci, a 2020 aka sake dokar. Yaron nan mai biro a kunne yana hanya, ko bana ko baɗi.

Ƙanina dai an cire masa banɗakin aljanu, an rage ɗan abin da aka rage. Washegari na leƙa Facebook, hoton ciyawar ya ɓace, da shi da dogon bayanin darajar gida. Na tambaye shi nawa gidan yake yanzu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, wa ya aiko ka?"