Mayar Da Waya Modem: Hanyoyi Da Haɗurra

Modem na'ura ce da ke haɗa kwamfuta da intanet. Kowace wayar salula mai ɗaukar data tana da irinta a ciki, shi ya sa ake iya ɗora mata aikin ɗebo wa kwamfutar cinya intanet. Hanyoyin uku ne: igiyar USB, wadda ta fi tabbas kuma take yi wa wayar caji, Bluetooth, mai tafiyar hawainiya, sai hosfot, inda wayar ke watsa waifai ga duk na'urar da ke kusa.

A shekarun da suka biyo bayan shigowar GSM Nijeriya a 2001, mai wayar Nokia kan jona ta da igiya, ya sa manhajar PC Suite, kwamfuta ta buga *99#, shi kuma ya tafi alwala kafin shafi ya buɗe a kan GPRS. A 2010 Android 2.2 ta zo da hosfot, iPhone ta bi sahu a 2011. Daga nan aikin ya koma danna wuri ɗaya, amma haɗurransa biyar suna nan daram. An gwada su duka a dare guda a kan mai wannan rubutu, ranar da ya zauna tura takardun neman aikin da za a rufe karɓa da sha biyun dare.

Na farko shi ne sabis. Katanga da kwanon rufi suna rage ƙarfinsa, don haka inda mutum ke jin daɗin zama daban, inda waya ke samun sabis daban. A gidan da aka yi gwajin, 4G ba ya sauka ko'ina sai kusurwar tsakar gida, gindin randa. Can mai neman aikin ya shimfiɗa tabarma, sauro na yi masa maraba.

Na biyu kalmar sirri. Tsarin tsaro na WPA2 ba ya karɓar ƙasa da harafi ko lamba 8, kuma malalaci kan rubuta 1 zuwa 8 ya huta. Alamar an gano ta ita ce tsit ɗin da yaran unguwa kan yi a bayan katanga. A daren, wayar ta nuna na'ura shida a jone, alhali kwamfuta ɗaya ce a gidan. Maganinsa sauya kalmar da ƙayyade yawan masu shiga.

Na uku cin data. Waya ta san talaucin mai ita, tana tsakura. Kwamfuta kuwa da ta ji waifai sai ta ɗauka walima ce, ta shiga sauke sabbin gyare-gyaren manhajojinta ba sallama. Akwai saitin da ke shaida mata cewa datar a ƙirge take, sai dai akasari ba a sanin sa sai bayan ta'adi. Giga biyu da aka saya da magariba ba ta ga ƙarfe goma ba. Dole aka ci bashin data.

Na huɗu zafi. Waya mai hosfot tana karɓa tana watsawa a lokaci guda, batir na zuba, bayanta na ɗaukar zafi: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ana cire mata riga a ajiye ta wuri mai sanyi. Mai gwajin ya ga babu abin da ya kai faifan da ke rufe bakin randa sanyi, ya kwantar da ita a kai, ya yaba wa kansa basira.

Na biyar kira. Idan layi ba ya ɗaukar murya a kan 4G, kira na shigowa sai wayar ta sauka zuwa 3G ko 2G, intanet ya tsaya ko ya ja ciki. Sha biyu saura kwata, takardu sun kai kashi 97 cikin 100, gwaggo ta kira daga ƙauye, ya ɗaga a lasifika.

“Ɗan nan, kun wuni lafiya? Ya iyali? Ya zafi?”

“Lafiya lau, Gwaggo, Alhamdulillahi.”

Ba a katse gaisuwar gwaggo. Sai da aka bi yara ɗaya bayan ɗaya, aka tambayi akuyar da ta haihu. Da ta kashe, ta tuna ba ta gaida uwargida ba, ta sake bugowa. Wayar ta yi kakkarwa, faifai ya karkace, aka ji tsulum.

Wayar da ta faɗa ruwa, a kashe ta nan take, kada a jona ta a caji, a bar ta ta bushe kafin a kai wa mai gyara. Binne ta a shinkafa al'ada ce da ba ta fi iska amfani ba, kuma tana jawo tambayoyi daga mai tukunya. Sauran masu cin moriyar hosfot kan kawo ƙorafinsu da safe. A wannan karon yaro suka turo, ya durƙusa a zaure ya ce, “Yaya, wai lafiya jiya aka ɗauke da wuri?”