Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Katin Sautin Tsohuwar Kwamfutata

Malam Katin Sauti,

Da fatan kana lafiya, kai da maƙwabtanka na kan madabod. Dalilin rubuto maka wannan takarda shi ne magana da fatar baki ta gagara a tsakaninmu. Tun ranar da aka goge kwamfutar nan aka sake ɗora mata Windows XP, ko tari ba ka yi ba. Hatta ɗan kiɗan maraba da ake ji idan an kunna ta ka haɗiye shi. Ka ja bakinka ka tsuke, sai ka ce amaryar da ba a sayi bakinta ba.

Kada ka ce ban bi ka ta lalama ba. Wayar sifika tana cikin koren rami, ban kai ta ruwan hoda na makirfo ba, balle shuɗi. Sifikar kanta na jona ta da wayar salula, ta cika ɗaki da amo. Na danna Del na shiga BIOS, na tarar ba wanda ya rufe maka ƙofa. To, laifin me na yi?

Da na leƙa Device Manager, sai ga wata alamar tambaya, rawaya, ta yi ɗare-ɗare a inda sunanka ya kamata ya fito. Ma'ana Windows ta ga mutum zaune, amma ba ta san ko ɗan wane gida ba ne, ita kuwa ba ta gaisawa da baƙo sai an kawo direbansa. Na binciki lambar shaidarka, ta fara da VEN_8086, lambar Intel. Ashe wannan ta mai kula da kai ce da ke cikin madabod. Kai naka sunan ka ɓoye. Sai da na kwance murfin akwati, na hure ƙurar da ta kai shekarun ɗan firamare, na haska tocila, sannan na gan ka can lungu kusa da ramukan sifika: ɗan baƙin abu bai fi farcen yatsa ba, da hoton ƙaguwa a bayanka, tambarin Realtek na ƙasar Taiwan, a ƙasa an rubuta ALC655. Duk wannan jan aji, ashe girman ke nan!

Yanzu na san asalinka. Kai ɗan gidan AC'97 ne, tsarin da Intel ta fitar a 1997. Ƙaninka HD Audio, wanda ya zo a 2004, shi ma ba kanwar lasa ba ne: a kan XP mai Service Pack 2 ba ya karɓar direba sai an riga an saka masa gyaran nan mai lamba KB888111. Abin dai a jininku yake. Kuma direban ɗayanku ba ya yi wa ɗaya aiki, duk da kamfani guda na iya ƙera ku.

Na samo naka na saka, alamar tambaya ta ɓace, ƴar sifikar nan ta bayyana kusa da agogo. Na kunna karatu, ina kallon layi yana tafiya a fuskar kwamfuta, kai kuwa gum.

A nan ne wani dattijon mai gyara ya tona maka asiri. Ya ce a gidanku sauti ba ya zarcewa ramin baya kai tsaye. Sai ya fara biyawa ta wasu ƴan tsinkayen ƙarfe da aka tanada domin ramukan gaban akwati, sannan ya dawo. Idan babu wayar gaba a jone, wajibi ne a rufa wasu ƴan huluna biyu na roba, ɗaya a kan tsinke na 5 da na 6, ɗaya a kan na 9 da na 10, su haɗa hanya. Da muka duba, tsinkayenka tsirara suke. Wani cikin waɗanda kwamfutar ta ratsa hannunsu kafin ta iso ni a gwanjo ya cire su. Haba Malam! Abin da bai kai ƙwayar wake ba shi ya hana ka magana, amma Windows na ta rantsuwa wai kana aiki lafiya lau.

Huluna dai mun ciro daga wata matacciyar madabod, gobe da safe za a rufa maka. Amma in kunne ya ji, jiki ya tsira: akwai ɗan katin sauti na USB a kasuwa, ba shi da tsada, ana soka shi yake kama aiki ba tare da neman direba ba. Idan aka saka maka hula ka ci gaba da shiru, zan koma BIOS in rufe ka da hannuna, in ba shi kujerarka.

Ka huta lafiya.

Naka,
Maigidan kwamfuta