Baƙin Shayi a Shagon Littattafai

Duk mai sayar da littattafai a Zinder ya san kakarsa watan Oktoba ce, lokacin da yara ke komawa lakwal, iyaye na rububin kaye da bik. Sauran watanni sai kaɗe ƙura. Shi ya sa ake ta ba shi shawarar ya kafa teburin shayi da Nescafé a shago, wai haka ake yi a Faransa. To ɗan'uwa, kafin ka sayi buta, a garin da ruwan ma sau da yawa sai an saya wajen 'yan garuwa, ka san baƙinka.

Akwai Mai-kofi-ɗaya. Da hantsi yake zuwa, ya biya shayin dala ashirin, ya zaro littafin soyayyar da ka sha wahalar saro shi daga Kano, ya nutsa. Azahar na yi sai ya lanƙwasa kunnen shafi, ya mayar kan kanta, ya ce, "Malam, kar a sayar da wannan, gobe zan ƙarasa."

Ɗalibin jami'a kuwa sallamarsa ita ce, "Akwai wurin caji?" Ba ya sata, Allah ya kiyaye. Hoton shafuka kawai yake ɗauka da waya, har ya roƙe ka ka danne masa gefen littafin.

Ɗan fada ya saba da shayin gawayi zagaye uku, wanda ba a tambayar kuɗinsa. Zai zo da abokai biyar, su cika benci, su kushe kumfar shayinka, su bar maka bashi.

Amma duk a cikinsu babu kamar tsohon mushe, wato malamin lakwal mai ritaya. Shi kam yana biyan kuɗin shayinsa cif, kuma mutumin kirki ne. Daga kurɓar farko ya shiga labarin Sarki Tanimun da ganuwar Birni, a ta biyu ya kai 1926, shekarar da Faransawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder suka kai Yamai, yana faɗa da ɗacin rai sai ka ce jiya aka yi. Wannan duk da sauƙi. Ɓarnar tana zuwa ne idan wani ya ɗauki littafin tarihi ya sa hannu a aljihu. Nan take mushe zai dafa shi: "Ɗana, ajiye kuɗinka, ina da shi a gida, zo in ba ka aro."

Malamin zaure ya zo sayen Ahalari da Ishmawi da kuɗi a hannu, ya hangi kofi a kan littattafan addini, ya yi salati, ya nufi kasuwar Dole.

Sai Hajiya, wadda ita ce ke sayen littattafan soyayya uku-uku, ba ta neman ragi sosai. Ta iso ƙofar shago a kan kabu-kabu, ta ga maza reras kan benci, duk sun ɗago kai. Ta gyara lulluɓi, ta ce wa mai babur, "Mu wuce."