Bazazzage Ya Ajiye Jan Biro

Malam Bazazzage, bawana, labari ya iso mu Kano cewa ka daina kwana kan takardun yara. Tun 2015 da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta kake cika baki wai ajinka ma zai shiga zamani, sai bana ka gano Google Forms. Sannu da ƙoƙari. Abin ya daɗe a hanya kafin ya shigo ta Ƙofar Doka.

Dabarar ba laifi, na yarda. Ka rubuta tambayoyi, ka nuna wa fom amsar da ke daidai, ka tura a zauren WhatsApp na iyaye, na'ura ta yi maki kana shan shayi. To amma wa ya aike ka ka manta gurbin suna? Amsoshi suka shigo tuli, kowace da makinta, babu mai ita. Ranar Litinin ka tsaya gaban aji kana tambayar wa ya ci tara cikin goma, aji kaf ya ɗaga hannu, har da wanda bai san an yi gwajin ba.

A karo na biyu ka ce ka yi wayo, ka kulle fom ɗin yadda kowa sau ɗaya zai amsa. Ba ka san wannan kullen da asusun Google yake gane mutum ba. 'Yan uba biyu a ajinka, waya ɗaya ce a gidan, ta baba, shi kuma sai bayan isha'i yake dawowa. Na farko ya amsa, na biyu ya tarar da ƙofa a garƙame. Wanda ya samu shiga ma bai tsira ba: ka tambayi shekarar da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, ka saka 1962 tsurarta, ka ce duk wata amsa kuskure ce. Yaron da ya yi ladabi ya rubuta "a shekarar 1962" na'ura ta ba shi sifili. Jami'ar garinku fa!

Batun tsarin darasin da ka sauko da shi daga intanet kuwa, gara in taƙaita. Na wata makaranta ne a Amurka, yara na lissafi da dala, suna zana dusar ƙanƙara, a Tudun Wada, cikin zafin Afrilu. Ko sunan malamar da ta rubuta shi ba ka goge ba ka miƙa wa hedimasta.

Mu a Kantin Kwari ko yadi ba ma biya sai mun warware mun duba. A saman fom ɗin nan akwai wata 'yar alamar ido, danna ta ka cika shi da kanka kafin ka tura wa 'ya'yan mutane. In ya gagare ka, hau mota ka zo Farm Centre, yaran kasuwar waya za su koya maka. Ka taho da kuɗin sharata na bara, ban yafe ba.