Kowa Koci Ne a Gaban Talabijin

A ƙwallon Amurka hanya biyu ce ta kai ƙwallo gaba: ko a jefa wa wani ya cafe, ko a danƙa wa wani ƙato ya rungume ta ya kutsa cikin mutane da gudu. Magoya baya sun daɗe da gano wadda ta fi, wato wadda koci bai zaɓa ba.

Ranar 1 ga Fabrairun 2015, a wasan ƙarshe na cin kofi, wato Super Bowl, New England Patriots na da maki 28, Seattle Seahawks na da 24. Saura yadi ɗaya Seattle ta ci, lokaci kuma bai kai rabin minti ba. Ga Marshawn Lynch na Seattle a tsaye, mutumin da sai an yi masa taron dangi yake faɗuwa. Amma kocinsu Pete Carroll ya amince a jefa. Ɗan wasansu Russell Wilson ya jefa, Malcolm Butler na Patriots ya cafke, kofi ya tafi.

A daren nan duk mai kujera da talabijin a Seattle ya zama gwanin horarwa. Hatta wanda bai san dokar wasan ba ya san Lynch ya kamata a ba. Aka manta cewa shekara ɗaya kafin nan wannan Carroll ɗin ne ya ɗauko musu kofin, suka lallasa Denver Broncos 43 da 8.

Da an ba Lynch aka tare shi, da su ɗin ne za su ce, "Haba koci! Kowa ya san shi za a ba, me ya hana a jefa?" Aikin ɗan kallo akwai daɗi, don ba a taɓa korar kowa daga cikinsa ba.