Ramin Wa Ne?

In rami ya buɗe a tsakiyar titi, nan za ka ga kara tsakanin gwamnatocinmu uku. Ciyaman ya ce, "Wane ni, wannan aikin jiha ne." Kwamishina ya ce titin na Tarayya ne, a jira hukumar gyaran tituna ta FERMA. Kafin ta iso, yaran unguwa sun cike ramin da ƙasa, suna karɓar na goro a hannun direbobi.

Amma ranar rabon arzikin ƙasa a Abuja, ba mai makara. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Kowa ya ce madalla, sai aka kafa kwamiti.